DARASIN NOMA: MAN ƘAMSHIN TSIRRAI DA YAƘI DA ƘUDAN MANGWARO

Mangwaro itace ne mai rufin asiri. Yakan nuna a ƙarshen rani, lokacin da hatsi ya ja baya a rumbu, kuɗin kaka kuma sun ƙare. Da kuɗin mangwaro manoma da yawa kan sayi taki da iri kafin ruwa ya sauka. Mata da yara ma sukan sami na kashewa a kasuwa da bakin tasha.

Amma masu lambu suna kuka da abu ɗaya. Mangwaro zai yi kyau a ido, idan an yanka sai a tarar da tsutsa. Wani yakan faɗo tun bai nuna ba. Wani kuma sai an kai shi kasuwa zai ruɓe, mai saye ya fasa ciniki. Wasu suna cewa ruwan sama ne ke kawo tsutsar. Ba haka ba ne. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a cikin mangwaron. Darasin wannan wata zai yi bayani a kan wannan ƙuda, da yadda ƙamshin wasu tsirrai ke taimakon manomi wajen yaƙarsa.

WANE NE WANNAN ƘUDA?

Ƙudan 'ya'yan itace iri-iri ne. Biyu daga cikinsu suka fi damun mai mangwaro.

Na farko ɗan gida ne, tun asali a Afirka yake. Ƙarami ne, jikinsa rawaya-rawaya, fukafukansa kuma da zane. Yakan rayu a 'ya'yan itatuwan daji kamar danya da gwandar daji. Ya fi yawa da rani, a farkon kakar mangwaro.

Na biyu baƙo ne, daga nahiyar Asiya ya fito. Masana suna kiransa Bactrocera dorsalis. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a shekarar 2003. A 2004 aka gan shi a Jamhuriyar Benin. Cikin 'yan shekaru ya bazu a Yammacin Afirka, har da Nijeriya da maƙwabtanta. Ya ɗan fi ƙudan gida girma. Fukafukansa garau suke, bayansa yana da ratsin rawaya, a kan cikinsa kuma akwai baƙin zane mai kama da harafin T.

Baƙon ya fi ɗan gida ɓarna. Yana haihuwa da sauri, kuma ba ya zaɓen abinci. Ban da mangwaro yana cin gwaiba, lemo, gwanda, ayaba, 'ya'yan kashu da na kaɗanya. Yana son laima, shi ya sa yake ƙaruwa da zarar ruwa ya fara sauka. Saboda haka mangwaro mai aure da ke nuna a makare shi ya fi shan wahala. Binciken da aka yi a arewacin Benin ya nuna cewa a ƙarshen kaka ɓarnar takan wuce rabin abin da itacen ya haifa. Ƙasashen Turai kuma sukan ƙi karɓar kayan da aka tura musu idan suka ga tsutsa a ciki.

YADDA YAKE RAYUWA

Rayuwar ƙudan mataki huɗu ce. Wanda ya san su ya san inda zai tare shi.

1. Ƙwai. Macen tana da tsinke a bayanta. Da shi take huda ɓawon mangwaro, ta zuba ƙwai a ƙarƙashinsa. Hudar ƙarama ce ƙwarai, wani lokaci ɗigon ƙaro kawai za a gani a wurin. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 2.

2. Tsutsa. Fara ce, ba ta da ƙafa. Takan yi kamar mako 1 zuwa 2 tana cin naman mangwaro. Wurin yakan yi laushi ya ruɓe, sannan mangwaron ya faɗo.

3. Kwanciya a ƙasa. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta fita, ta shige cikin ƙasa a gindin itacen. A can take zama cikin ƙwanso mai kama da ƙwayar alkama. Takan yi kamar kwana 10 a haka.

4. Ƙuda. Sabon ƙuda yakan fito daga ƙasa ya hau itace. Yana iya rayuwa wata 1 zuwa 3. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rayuwarta.

Daga ƙwai zuwa ƙuda bai cika wuce wata ɗaya ba. Ke nan mangwaron da aka bari a ƙasa yau, shi ne zai haifar da ƙudajen da za su ɓata na wata mai zuwa.

ME YA SA FESHIN GUBA BA YA ISA?

Manomi yakan fesa maganin ƙwari, amma tsutsa ba ta daina ba. Dalili a fili yake. Ƙwai da tsutsa suna cikin mangwaro, magani ba ya kai musu. Masu kwanciya suna cikin ƙasa. Ƙudan da ke tashi kaɗai ake samu, gobe kuma wasu za su zo daga lambun maƙwabci.

Ban da haka, guba tana da tsada. Tana kashe ƙudan zuma da sauran ƙwari masu amfani. Idan an fesa dab da tsinka, sauranta yakan tsaya a jikin mangwaro, yara su sha. Wannan ne ya sa masana suka juya ga tsirrai masu ƙamshi.

MENE NE MAN ƘAMSHI?

Idan mutum ya matse ɓawon lemo, wani ruwa yakan fesu mai ƙamshi da yaji a ido. Wannan shi ne man ƙamshi. Haka idan aka murza ganyen ɗaɗɗoya, na'a-na'a ko na itacen turare, ƙamshin da ke tsayawa a hannu daga wannan mai yake fitowa. Kanumfari, citta, masoro da kimba duk suna da nasu.

Man ƙamshi ya bambanta da man gyaɗa ko na riɗi. Idan aka ɗiga man gyaɗa a takarda, tabonsa ba ya fita. Man ƙamshi kuwa iska yake bi, bayan ɗan lokaci ya tafi. Tsiro yana yin sa ne don kare kansa daga ƙwari da cututtuka, ko don kiran ƙwarin da za su yi masa barbara.

Da tururi ake fitar da shi. Ana cika tukunya da ganye, a sa ruwa a ƙasa, a rufe ruf, a hura wuta. Tururi yakan ɗauko man ya bi ta bututu. Bututun yana ratsa ruwan sanyi, sai tururin ya koma ruwa ya ɗiga a kwalba. A nan man yake rabuwa da ruwa, a kwashe shi. Ganye mai yawa ne ke ba da mai kaɗan. A yawancin ganyaye, kilo 100 bai cika ba da fiye da kilo 1 ko 2 ba. Shi ya sa yake da tsada. Kanumfari ne ya fita daban, domin mansa yakan kai kashi 15 cikin 100.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a karkara. Tun da daɗewa ana turara ganye mai ƙamshi don korar sauro, ana kuma sa barkono ko ganye mai wari a rumbu don tsare wake. Da tsohuwar zuma ake magani.

AIKI UKU DA MAN ƘAMSHI KE YI

Na ɗaya, kisa. A ɗakin bincike an ga man kanumfari, na ɓawon lemo, na itacen turare da na ɗaɗɗoya suna kashe ƙudan 'ya'yan itace idan sun taɓa shi, ko ya shaƙi ƙamshinsu a rufaffen wuri. Amma lambu ba rufaffen wuri ba ne. Rana da iska sukan kwashe man da wuri. Kuma shi ma ba ya kai wa tsutsar da ke cikin mangwaro.

Na biyu, kora. Macen ƙuda da ƙamshi take gane mangwaron da ya isa zuba ƙwai. Idan wani ƙamshi mai ƙarfi ya rufe na mangwaron, takan rage hudawa. Wannan aiki yana yiwuwa, sai dai ba ya daɗewa, dole a riƙa maimaitawa.

Na uku, kira. Akwai ƙamshin da namijin ƙudan ba ya iya haƙura da shi. Daga nesa yake jiyo shi ya taho. Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne amfani ga manomi, domin ɗigo kaɗan ya isa, kuma ba a taɓa mangwaron da komai.

YADDA AKA GANO ƘAMSHIN KIRA

A shekarar 1912 wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Howlett yana aiki a ƙasar Indiya. A can mutane suna amfani da man wata ciyawa mai ƙamshi, 'yar uwar tsauri, don korar sauro. Sunanta sitronela. Masanin ya lura cewa man da ke korar sauro yana tara ƙudajen 'ya'yan itace. Da ya duba da kyau sai ya ga duk maza ne. A 1915 ya gano sinadarin da ke cikin man wanda ke jawo su. Sunansa metil yujinol.

Daga baya aka fahimci dalili. Namiji yakan sha wannan sinadari, jikinsa ya mayar da shi turaren da yake jan hankalin mace da shi. Shi ya sa yake nemansa ido rufe. Ana samun sinadarin a tsirrai da dama, musamman wata ɗaɗɗoya ta Indiya da ake kira tulsi. Kamfanoni kuma suna haɗa shi daga sinadarin man kanumfari, su sayar a kwalba ko a jiƙe cikin ɗan katako.

Idan aka kashe mafi yawan maza, mata da yawa ba za su sami barbara ba. Ƙwan da mace ta zuba ba tare da barbara ba kuwa ba ya ƙyanƙyashewa. Da wannan dabara ƙasar Japan ta kawar da ƙudan daga tsibiranta na kudu a 1986. Sai dai tsibiri ruwa ne ya kewaye shi. A ƙasar da lambu ke jingine da lambu, abin da ake nema shi ne a rage ƙudan sosai.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Metil yujinol maza kaɗai yake kira, ba ya kiran mata. Kuma baƙon ƙuda yake kira, ba ya kiran ɗan gida. Shi ɗan gida wani ƙamshi yake so, wanda ake haɗawa da man citta na musamman.

YADDA AKE HAƊA TARKO

Kayan aiki: robar ruwa mai murfi wadda aka gama da ita, ƙusa, waya ko igiya, auduga, sabulu, ruwa da man kira.

1. A gasa ƙusa a wuta, a huda rami 3 ko 4 a kewayen robar ta sama. Kowane rami ya kai faɗin ɗan yatsa.

2. A huda murfin, a zura waya, a ɗaure ƙullin auduga a ƙarshenta ta ciki. Audugar ta tsaya daidai da ramukan.

3. A ɗiga man kira a kan audugar. Ɗigo kaɗan ya isa.

4. A zuba ruwan sabulu a gindin robar, tsawon yatsa biyu. Ƙudan da ya faɗa ciki ba zai iya tashi ba. Kada audugar ta taɓa ruwan.

5. A rataye tarkon a reshe, cikin inuwa, daidai tsayin mutum ko sama kaɗan. A shafa giris a wayar don hana tururuwa sauka.

6. Kowane mako a zubar da ruwan, a ƙirga ƙudajen, a rubuta adadin a littafi tare da kwanan wata. Sannan a zuba sabon ruwa.

Akwai man kiran da ake sayarwa haɗe da guba. Irinsa ba ya bukatar ruwan sabulu, kuma yakan yi mako 6 zuwa 8 kafin a sake shi. Yawan tarkon da lambu ke bukata ya dogara da girmansa da irin man da aka saya. A bi abin da ke rubuce a jikin kwali, ko a tambayi malamin gona.

Wanda bai sami na saye ba zai iya gwada ɗaɗɗoya. Ɗaɗɗoya iri-iri ce, ba kowace ke ɗauke da sinadarin ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A murza ɗanyen ganye cikin hannu ɗaya, a rataya a cikin tarko da sassafe, domin da safe mazan suka fi fitowa. Idan ƙudajen sun taru, an dace da irin da ake so, sai a shuka ta a gefen lambu. Ganye ba ya daɗewa kamar mai, don haka a riƙa canja shi bayan kwana 2 ko 3.

Lokacin rataye tarko shi ne tun 'ya'yan suna ƙanana, kamar wata 2 kafin su nuna. Wanda ya jira sai ya ga tsutsa ya makara. Rigakafi ya fi magani.

FESHIN KORA

Man dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, ba ya cikin jerin man ƙamshi, domin ba ya bin iska. Amma shi ne ya fi sauƙin samu a ƙauye, kuma yana rage wa macen ƙuda sha'awar zuba ƙwai. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka ƙwayar ciki. A jiƙa rabin kilo a ruwa lita 10, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa da yamma, a maimaita kowane mako.

Wanda zai fesa man ƙamshi na kwalba ya sani cewa mai ba ya haɗuwa da ruwa sai da sabulu. Idan ya yi yawa yakan ƙona ganye da 'ya'ya. A fara gwadawa a reshe ɗaya, a jira kwana 2 a gani. Kada a fesa komai lokacin da itace ke fure, saboda ƙudan zuma.

TSAFTAR LAMBU ITA CE GINSHIƘI

Tarko yana rage maza. Feshi yana korar mata na ɗan lokaci. Tsutsar da ke cikin mangwaron da ya faɗo kuwa sai hannun manomi. Wanda ya rataye tarko ya bar ruɓaɓɓen mangwaro a ƙasa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne.

A tsince duk wanda ya faɗo, aƙalla sau 2 a mako. A zuba shi a baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, a ɗaure baki, a bar ta a rana kwana 2 ko 3. Zafi zai kashe tsutsar. Ko kuma a haƙa rami a binne, ƙasar da ke samansa ta kai rabin mita. Idan ramin bai yi zurfi ba, ƙudan zai huda ya fito. Kada a zubar a bola ko a bayan shinge.

Akwai wasu dabarun da ke ƙara taimako. A tsinke mangwaro da zarar ya ƙosa, kada a bar shi ya nuna a kan itace. A yi sassabe a gindin itace don masu kwanciya su fito rana, kaji su tsince. A wuraren da ake samun jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a kan itace, kada a ƙona ta. Bincike a Benin ya nuna itacen da take zaune a kai ya fi tsira daga ƙuda.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Ƙuda bai san iyakar gona ba. Idan mutum ɗaya ya sa tarko, maƙwabtansa ba su sa ba, sauran mazan da ke lambunansu sun isa su yi wa mata barbara. Saboda haka aikin na gayya ne. Masu lambu su zauna da mai unguwa da malamin gona, su tsayar da ranar rataye tarko da ranakun tsinta. Kada a manta da mangwaro da gwaibar da ke cikin gidaje, makarantu da masallatai. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi man kira a sari, ya fi araha. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana Ibadan, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Ƙungiyar manoma tana iya neman shawararta ta hannun malamin gona.

GARGAƊI

Kasancewar abu daga tsiro ya fito ba ya nufin ba ya cutarwa. Tsantsar man ƙamshi tana ƙona fata da ido. Ba a shan metil yujinol, ba a sa shi a abinci, ba a shafa shi a jiki. A 2023 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo wannan ciwo. A sa leda a hannu lokacin ɗiga shi, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. A ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba. Robar da aka yi tarko da ita kada a sake zuba ruwan sha a ciki.

Ƙamshin tsiro makami ne mai kyau idan an san wurin da ya dace da shi. Ƙarfinsa yana wajen kiran ƙuda zuwa tarko. Ba ya maye gurbin tsinta, ba ya maye gurbin haɗin kai. Allah ya ba da yabanya mai albarka, amin.

SABABBIN KALMOMI

Sinadari: abin da ke cikin wani abu wanda ke ba shi ƙarfi, ƙamshi ko ɗanɗano.
Barbara: haɗuwar namiji da mace a ƙwari, dabbobi ko tsirrai don samun 'ya'ya.
Man kira: man da ƙamshinsa ke jawo ƙuda zuwa tarko.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.

TAMBAYOYI

1. Daga wace nahiya baƙon ƙuda ya fito? A wace shekara aka fara ganinsa a Afirka?
2. Waɗanne matakai huɗu ne ƙudan ke bi a rayuwarsa?
3. Me ya sa feshi ba ya kashe tsutsa?
4. Mene ne bambancin man ƙamshi da man gyaɗa?
5. Tarkon metil yujinol maza yake kamawa ko mata?
6. Yaya ake yi da mangwaron da ya faɗo?

AIKIN LISSAFI

1. Wani tarko ya kama ƙuda 140 a kwana 7. Ƙuda nawa ke nan a rana ɗaya?
2. Rabin kilo na ƙwayar dogon yaro ya ishi ruwa lita 10. Kilo nawa ake bukata don lita 40?
3. Itace ya haifi mangwaro 600, tsutsa ta ɓata rabi. Nawa suka rage?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya kawo roba ɗaya a haɗa tarko a aji. A rataye su a itatuwan unguwa. Bayan mako ɗaya kowa ya rubuta adadin ƙudan da ya kama, ya karanta wa 'yan aji.